Agogon angwanci ko agogon aiki: wanne zan saya?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin sakandare ne a Azare, kuma in Allah ya yarda bayan ƙaramar Sallah za a ɗaura mini aure. Na ware N120,000 don sayen agogon hannu. Wani abokina ya nuna mini wani babba mai ruwan gwal, da ƙananan fuskoki uku a cikin fuskarsa, an rubuta masa sunan wani shahararren kamfanin Siwizalan, kuma gaskiya ya shiga raina. Yayana kuma ya ce in sayi Casio na roba in huta. Kullum a kan mashin nake zuwa makaranta, da damina ina zuwa gona, kuma ba na son cire agogo lokacin alwala, don na taɓa mance ɗaya a masallaci. Ina son abin da zai fito da ni ranar ɗaurin aure, kuma ya daɗe a hannuna. Wanne ya kamata in fifita, kyau ko ƙarko?"

Wa alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

In na fahimce ka daidai, kana neman agogon da za a gani a hannunka ranar da ka sha babbar riga, kana kuma neman wanda zai jure abin da zai biyo bayan ranar, wato mashin, alli, gona da alwala, alhali kuɗinka na agogo ɗaya ne mai kyau, ba biyu ba. Abokinka ya dubi rana ɗaya, yayanka ya dubi sauran kwanakin shekara, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Ni sana'ata gyaran agogo, na haura shekara 20 da ɗan teburina a gefen Kasuwar Wunti a nan Bauchi, saboda haka na fi sanin agogo ta bayansa, inda ake buɗewa, fiye da ta fuskarsa. Ta nan zan ba ka amsa.

Son ado ba laifi ba ne, kada wani ya sa ka ji kunyarsa. Tun da waya ta shiga aljihun kowa, ba sanin lokaci kaɗai ke sa namiji ɗaura agogo ba. Hula, turare, takalmi, zoben azurfa da agogo, kusan su ne duk kayan adon da al'adarmu ta bar wa namiji. Iyayenmu ma sun yi yayinsa. Wanda ya tashi a garin nan ya san yadda dattawa suke ji da Rado, da Seiko 5, da Orient, da Citizen, yawanci tsarabar aikin Hajji. Abin lura shi ne waɗancan agogon da suka yi suna a wurinmu ba don kyau kaɗai suka yi shi ba. Rado DiaStar da aka fitar a 1962 an yi jikinsa da wani ƙarfe mai tsananin tauri wanda da wuya ya karce, shi ya sa har yau za ka ga na wani tsoho yana sheƙi. Seiko 5 kuma, da ya fito a 1963, an ƙera shi ne don mai ƙaramin ƙarfi ya samu agogon da ba ya buƙatar batir, mai nuna rana da kwanan wata, mai jure wahala. Dattawan nan sun haɗa ado da ƙarko a hannu ɗaya. Abin da ya raba su a zamaninmu shi ne cikar kasuwa da kayan da aka yi don ido kawai.

Ruwa, da abin da rubutun bayan agogo yake nufi

A nan zan fi daɗewa, domin yawancin agogon da ke mutuwa a teburina ruwa ne ajalinsu, kuma kai da bakinka ka ce ba ka son cirewa lokacin alwala.

Juya kowane agogo ka duba murfin bayansa. Za ka ga an rubuta Water Resist, wani lokaci da lamba: 30M, 50M, 100M, 200M, ko kuma 3, 5, 10, 20 tare da ATM ko BAR, wato 10 ATM daidai yake da 100M. Mutane da yawa suna ɗauka 30M na nufin za ka iya nutsewa mita 30 da shi. Ba haka ba ne. Lambar ma'aunin matsin da aka gwada agogon da shi ne yana sabo, a cikin na'ura, ruwa a tsaye cik. A aikace, mai 30M na fantsalin ruwa ne da yayyafi. Mai 50M ya ɗan fi shi, zai jure wanke hannu da ruwan sama. Daga 100M ne ake iya iyo da shi hankali kwance. Idan ka je Yankari ka shiga ruwan Wikki da mai 30M a hannunka, to kai ka jawo.

Za ka ce ai ruwan buta ba shi da ƙarfi. Gaskiya ne, kuma sabon agogo mai 30M na kamfanin kirki ba zai mutu don alwala ɗaya ko ɗari ba. Matsalar yawan maimaici ne. Sau 5 a rana, sau 1,825 ke nan a shekara, ban da wanke hannu kafin cin tuwo da bayansa. Abin da ke tare ruwa kuwa wasu siraran zobban roba ne, ɗaya a murfin baya, ɗaya a maɓallin saitin lokaci da ke gefe, wani a kewayen gilashi. Zafin Maris da Afrilu yana busar da su, sabulu yana cinye ɗan man da ke jikinsu, gishirin zufa yana taruwa a gefensu. Ranar da ɗaya ta tsage ba za ka ji ba, ba za ka gani ba. Sai wata safiya ka ga gumi ya kwanta a cikin gilashi. In ka ga haka, kada ka kwana biyu, ka kai a buɗe a busar. Shanya shi a rana da mutane ke yi yana ɓoye gumin ne na ɗan lokaci, ruwan yana nan ciki yana cin inji.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne canjin batir. Duk lokacin da aka buɗe murfin baya, ana taɓa zoben robar nan. Mai gyaran da ke gaggawa zai iya mayar da shi a murɗe, ko ya tsinke ya jefar da shi bai gaya maka ba. Na sha buɗe agogo in tarar babu roba ko kaɗan, mai shi kuma yana rantsuwa cewa agogonsa ba ya shan ruwa. Da can ba ya sha, gaskiya ne. Saboda haka duk inda ka kai canjin batir, ka tsaya a kansa, ka ce a nuna maka robar, a shafa mata man silikon kafin a rufe.

Ga mutum irinka, kada ka sauka ƙasa da 100M in da hali. In ka samu wanda maɓallin saitinsa ake murɗa shi ya kulle kamar noti, ya fi. Kuma ko wane iri ne, kada ka ja maɓallin ko ka danna wani a gefe hannunka da ruwa. Sannan ka tuna wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne, ruwa sai ya taɓa fata, don haka ko ba ka cire ba sai ka motsa agogon sama da ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka bar maɗaurin fata don amfanin yau da kullum. Fata ba ta shiri da ruwa da zufa: cikin 'yan watanni za ta yi wari, ta taurare, ta tsage a wurin huji. Sarƙar ƙarfe mai ɗan sassauci ita ke zamewa ruwa ya shiga ƙarƙashinta, ta bushe nan take.

Zufa, ƙura da ruwan gwal

Ka sake duba rubutun baya. Idan ka ga Stainless Steel Back, ma'anarsa murfin baya kaɗai ne ƙarfe mara tsatsa, sauran jikin wani ƙarfe ne mai araha da aka shafa wa launi. Idan ka ga All Stainless Steel, ko Stainless Steel kawai a agogon kamfanin da aka yarda da shi, to jikin duka ne. Bambancin ba ya fitowa a shago. Yana fitowa ne bayan bazara ɗaya. Zufa tana da gishiri, tana cin shafen daga gefen da ke gogar fata, sai ka ga jiki ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, wuyan hannun farar rigarka ya yi kore ko baƙi. Wasu kuma fatarsu ba ta ɗaukar ƙarfen nikel da ke cikin irin waɗannan, sai ƙuraje da ƙaiƙayi.

Ƙarfe mara tsatsa launinsa ɗaya ne daga waje har ciki. In ya karce, abin da ke ƙasa irin na sama ne, ana iya goge shi ya dawo. Ruwan gwal kuwa shafe ne, komai kyansa. Na manyan kamfanoni yana ɗaukar shekaru, na masu araha watanni, amma ƙarshensu koɗewa, kuma a wurin makulli da gefen sarƙa yake farawa, inda ke gogar tebur da hannun mashin. Agogon silba da ya tsufa yana nan da mutuncinsa. Na gwal da ya koɗe, ba ka iya sa shi zuwa taro.

Akwai kuma batun addini. Sanannen abu ne cewa zinare haramun ne ga maza. Yawancin abin da ake kira gwal a kasuwa launi ne kawai, wasu kuma akwai siririn shafen zinare na gaske a jikinsu. Hukuncin wannan na biyun fagen malamai ne, ba na mai gyaran agogo ba, ka tambayi malaminka. Mai launin silba dai ya raba ka da tambayar baki ɗaya.

Gilashi iri uku ne. Akwai na roba, yana karcewa da wuri amma ba ya saurin fashewa, kuma ana iya goge ƙananan karce. Akwai gilashin da aka ƙarfafa, shi ne a yawancin agogon matsakaicin kuɗi. Sai wanda ake rubuta wa Sapphire. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, wannan na ƙarshe yana hawa na 9, yashi yana na 7, gilashin tsakiyar kuma yana tsakanin 5 da 6. Ka ga dalilin da ya sa ƙasar gona da ƙurar hunturu suke dusashe fuskar agogo: yashi ya fi gilashin tauri. Ɗabi'ar goge agogo da busasshen hannun riga a watan Janairu tamkar gurza shi da sandifefa ce a hankali. Ka hure ƙurar tukun, ko ka ɗauraye, sannan ka goge da tsumma mai laushi. In kuɗinka ya kai ga Sapphire na gaske ka saya, in bai kai ba kada ka damu, gilashin tsakiyar ana canza shi da kuɗi kaɗan. Ka dai zaɓi wanda bakin ƙarfen kewayen ya ɗan ɗara gilashin tudu, ko suka yi daidai.

Injin da ke ciki

Agogon batir, wanda ake rubuta wa Quartz, Seiko ne ya fara fitar da shi kasuwa a watan Disamba na 1969. A cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse da batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, da wannan yake ƙidayar lokaci. Mai kyau ba ya wuce kuskuren daƙiƙa 15 zuwa 30 a wata. Kayan da ke motsi a cikinsa kaɗan ne, don haka ya fi jure girgizar mashin da buguwa. Ga malamin da ke shiga aji da ƙararrawa, yake kuma tsaron jarrabawa, wannan shi ne abokin aiki.

Otomatik, irin Seiko 5 da Orient, ba batir a cikinsa. Motsin hannunka ne ke juya wani ƙarfe mai nauyi, shi kuma ya wana sifirin. Ni kaina shi nake ɗaurawa, kuma ina sonsa so na gaske. Kwanakin baya wani magidanci ya kawo mini Seiko 5 na mahaifinsa da ya rasu, ya ce tun yana yaro yake ganinsa a hannun tsohon. Gilashin ya yi hazo, sarƙar ta saki. Da na buɗe, sai na tarar ba tsatsa ko ɗigo, mai ne kawai ya bushe ya zama kamar ƙaro. Na warware shi gaba ɗaya, na wanke, na ɗiga sabon mai a mazaunin kowace ƙafa da bakin allura. Ina mayar da ƙafar da ke lilo, sai ta kama bugawa da kanta tun kafin in rufe. Mutumin ya kara shi a kunne ya daɗe bai ce komai ba. Irin wannan ba a samunsa a agogon da aka yi don a jefar.

Amma kada son da nake masa ya rufe maka ido. Otomatik mai matsakaicin kuɗi zai iya gudu ko jinkiri da daƙiƙa 20 ko 30 a rana, kuma ba a ɗauke shi lalacewa ba. In ka ajiye shi, abin da ya tara ba ya wuce kamar awa 40, wato in ka cire daren Juma'a, ranar Litinin za ka tarar ya tsaya. Wanda ya saye shi don Juma'a da biki kawai, kullum sai ya sake saiti. Ba ya son faɗuwa, ba ya son maganaɗisu, irin na lasifika da na murfin wasu wayoyi. Bayan kamar shekara 5 yana buƙatar wanki da mai, masu iya wannan aikin kuma suna ƙaranci, matasa ba sa koyo. Sabon na asali ma a yanzu da wuya ya shiga cikin kuɗin da ka ambata.

Na ukun shi ne mai caji da haske, Citizen suna kiran nasu Eco-Drive, Casio kuma Tough Solar. Injin batir ne, amma fuskarsa tana ɗaukar haske tana cajin kanta, kuma in ya cika yana yin watanni ko a cikin duhu. A ƙasar da rana ba ta yanke mana, ban ga abin da ya fi shi dacewa ba. Babban amfaninsa a wurina shi ne shekaru za su wuce ba a buɗe bayansa ba, robar nan tana zaune yadda kamfani ya sa ta. Sai dai mu masu dogon hannun riga ne, kaftani yana rufe shi yini guda, don haka lokaci-lokaci ka ajiye shi kusa da taga. Kada ka bar shi a gaban gilashin mota da tsakar rana, zafi yana kashe ma'ajin cajin.

Agogon zamani mai haɗuwa da waya ba zan ba ka shawararsa ba, tunda ƙarko kake nema. Caji kullum ko bayan 'yan kwanaki ga halin wutarmu, kuma in batirinsa ya gaji, sau da yawa shi ke nan. Masu nuna lokutan salla da alƙibla, irin Al-Fajr da alhazai ke kawowa, suna da amfaninsu, amma wannan wata buƙata ce daban.

In ka sayi mai batir, ka kula da irin batirin da ake sa maka. Ƙananan nan masu lambar da ta fara da SR, kamar SR626SW, su ne na agogo. Masu LR ko AG girmansu ɗaya, sun fi araha, amma ba sa daɗewa kuma sun fi saurin zubar da ruwa a cikin inji. Batirin da ya mutu kada ya kwana wata da watanni a ciki.

Wanda abokinka ya nuna maka

Ban gan shi ba, amma daga bayaninka na san danginsa. Sabon agogon manyan kamfanonin Siwizalan na asali ba a samunsa a N120,000, ko kusa. Saboda haka jabu ne, ko an ce maka kwafi mai daraja ta ɗaya, ko an ce na Dubai. Bara wani ango ya kawo mini irinsa wata biyu bayan biki. Daga nesa abin sha'awa. Ɗaya daga cikin sandunan da ke nuna awa ta ɓalle saboda girgizar mashin, ta faɗa tsakanin allurai ta tsayar da su. Da na buɗe baya, jikin agogon faɗinsa ya kai murfin kwalbar zuma, amma injin bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, an tallafe shi da farar roba don kada ya yi yawo. Ƙananan fuskoki ukun nan, alluransu manne suke da gam, maɓallan gefe biyu ba su haɗu da komai ba. Gefen batirin ya riga ya yi kore. Na gyara abin da zai gyaru, amma na gaya masa gaskiya cewa ba zai ga damina biyu ba. Abin ya dame ni, domin kuɗin da ya biya zai saya masa na asali mai sauƙin suna wanda zai kai shekara 10.

Kai ma za ka iya gwadawa a gaban mai shago: danna maɓallin sama na gefe. In agogon awon gudu ne na gaske, wata allura za ta tashi, ka sake dannawa ta tsaya, ka danna na ƙasa ta koma mazauninta. In ba abin da ya motsa, ado ne kawai. Sannan ka tambayi kanka ko kana da abin aunawa da shi. Kowane maɓalli ƙarin ƙofa ce ga ruwa da ƙura.

Bayan haka akwai abin da ya fi inji. Kai malami ne, yara suna kallon hannunka kullum. Wanda ya san agogo zai gane jabu daga tazarar gaisuwa, wanda bai sani ba kuma sunan bai dame shi ba. To don wa aka sayi sunan? Casio ko Q&Q na asali a hannun mutum ya fi masa kwarjini a idona fiye da sunan da ya san ba nasa ba ne.

Shawarar yayanka kuma tana da tushe mai ƙarfi. Casio F-91W, ɗan baƙin nan da kowa ya sani, tun 1989 ake yinsa, nauyinsa giram 21, batirinsa yana kai kimanin shekara 7. G-Shock, shi ma na Casio, da injiniya Kikuo Ibe ya jagoranci ƙirƙirarsa aka fitar a 1983, an yi shi ne don ya faɗi bai fashe ba, kuma yawancinsu 200M ne. Don gona da mashin ba su da na biyu. Amma ba zan ce maka G-Shock zai zauna da kyau a ƙarƙashin hannun shadda ba. Yana da kauri, yana cije hannun riga, kuma da babbar riga sai ya zama kamar an sa takalmin ƙwallo. Ka kuma sani su ma ana yin jabunsu sosai.

Inda kyan yake

Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne agogo yana yi wa mutum kyau ne in ya yi daidai da hannunsa, ba don girmansa ko ƙyallinsa ba. Ka karɓi tef ɗin tela ka auna wuyan hannunka. In ya kama santimita 15 zuwa 17, kamar yawancin samarinmu, to faɗin agogo milimita 36 zuwa 40 ne naka. In ya haura 18, za ka iya ɗaukar 42. Ƙafafun nan huɗu da ke riƙe maɗauri kada su leƙo waje da faɗin hannunka, in sun leƙo, agogon ya yi maka yawa, sai ya zama kamar na aro. Kauri kuma kada ya wuce milimita 11 ko 12, don ya shige ƙarƙashin hannun kaftani mai links ba tare da ya tattare shi ba. Agogon da ke leƙowa in ka miƙa hannu gaisuwa, ya koma in ka sauke, shi ne mai aji.

Fuska ta zama mai sauƙi: fara, baƙa ko shuɗiya mai duhu, allurai uku, da kwanan wata in kana so. Irin wannan da jikin silba yana shiga da farar shadda, yana shiga da ruwan toka, da sararin samaniya, da ruwan ƙasa, yana kuma shiga da riga da wando na aiki. Kayanmu na maza sun riga sun cika da aiki, ga ɗinkin wuya, ga aska a babbar riga, ga zanen hula. Agogo mai hayaniya yana faɗa da su ne, mai natsuwa yana ƙara musu.

To ga abin da zan yi da ni ne kai. Zan nemi agogon batir ko mai caji da haske na kamfanin da aka sani, Casio, Citizen, Seiko ko Orient, jikinsa duka ƙarfe mara tsatsa, 100M, faɗi 38 zuwa 40, fuska mai sauƙi, da sarƙar ƙarfe. A cikin jerin Casio Edifice akwai masu allurai uku da suka cika yawancin waɗannan sharuɗɗan, sai dai ka kula da faɗin, don da yawansu manya ne. Sannan in ƙara ɗan kuɗi in sayi maɗaurin fata baƙi ko ruwan ƙasa daidai faɗin ƙafafunsa, yawanci milimita 20 ko 22. Wasu 'yan sanduna biyu masu sifirin ne ke riƙe maɗauri, kowane mai gyara zai canza maka cikin minti 5. Ranar ɗaurin aure da Sallah ka sa fata ta dace da takalminka, ranar aiki ka mayar da sarƙa. Jikin agogon ya ɗauki wahala, maɗaurin ya ɗauki ado. In canji ya ragu, ka cika da ɗan Casio na roba don gona, domin ko mai 100M bai kamata ya sha dukan fartanya da taki ba. In kuɗin bai kai ga duka ba, abin da za ka fara sadaukarwa shi ne suna da Sapphire, abin da za ka riƙe har ƙarshe shi ne ƙarfen jiki da lambar ruwa.

Na hannu ma hanya ce, kuma ana dacewa da Seiko ko Citizen na asali a cikinsu da sauƙin kuɗi. Sharaɗin shi ne a buɗe a gabanka. Injin asali yana ɗauke da sunan kamfani da lambarsa a jikinsa, a tsabtace, ba kore ba tsatsa. Akwai tsofaffin da ake sake wa fentin fuska a haɗa su da kayan wasu, su ma sai an buɗe ake ganewa. Kuma duk agogon hannu na biyu ka ɗauke shi a matsayin mai shan ruwa har sai an canza masa roba.

Akwai iyakar abin da zan iya yi maka daga nan. Ban ga hannunka ba, ban ga kayan da ka ɗinka ba. Ban faɗi farashi ba da gangan, domin kayan nan da dala suke tafiya, abin da na faɗa yau zai iya zama ƙarya kafin Sallah. Ni kaina ba ni da na'urar gwada matsin ruwa a teburina, kuma yawancin abokan sana'ata haka suke, saboda haka in na canza maka roba zan ce na yi iya ƙoƙarina, ba zan ce na mayar da shi yadda ya fito daga kamfani ba. Gane jabu kuma ta hoto ba ya yiwuwa ko ga wanda ya daɗe a harkar, sai an riƙe an juya, wani lokaci sai an buɗe.

Ranar da za ka saya, ka sa kaftani irin wanda za ka sa ranar biki, ka tafi da rana ba da dare ba, don fitilar shago tana ƙara wa komai kyau. Ka nemi kwali da takardar garanti, ka duba lambar da ke bayan agogon ta yi daidai da ta takardar, ka kuma yi magana da mai shago a kan dawowa da shi in ya ba da matsala cikin mako biyu. A rage maka sarƙar a nan take, yadda ɗan ƙaramin yatsanka zai shiga ƙarƙashin makullin, domin hannu yana ɗan kumbura da zafi, kuma da wannan sararin za ka riƙa zame shi lokacin alwala. Ka karɓi gaɓoɓin da aka cire ka adana. In telanka bai gama kayan angwanci ba, ka je masa da agogon a hannu, ya auna wuyan hannun rigar a kansa.